Yini guda a Greenwich: jirgin shayi, wuri da agogon kafinta

Abin da ake kira gidan tarihin teku na Greenwich, a kudu maso gabashin Landan, ba gini ɗaya ba ne. Wurare huɗu ne a hannun hukuma guda: babban gidan tarihin da Sarki George na Shida ya buɗe a 1937, da tsohon jirgin dakon shayi mai suna Cutty Sark, da gidan duban taurari da ke kan tudu, da wani tsohon gidan sarauniya da aka mayar ma'ajiyar zane-zane. 'Yar ƙanina da ke karatu a can ce ta tsara mana tafiyar tun da dare. Shiga babban gidan kyauta ne, amma ta kama mana lokaci ta intanet don kada mu tsaya layi. Jirgin da gidan taurarin kuwa sai an biya, kuma tikitin da ya haɗa su biyun ya fi sauƙi a kan a yanki kowanne daban. Ƙarfe goma ake buɗewa, a rufe ƙarfe biyar. Na ce mata ni malamin labarin ƙasa ne, tudun nan ne ya kawo ni, da shi za mu fara. Ta ce, "Baffa, ka bar shi sai ƙarshe. In ba ka fara ganin jirgi da wahalar da ke cikinsa ba, agogunan ba za su shige ka ba." Shawararta na bi, kuma ita zan ba duk mai niyyar zuwa.

Ta ruwa muka je. Ana iya bin jirgin ƙasa, ya ma fi arha, amma wanda zai je gidan tarihin teku ya kamata ruwa ya kai shi. Mun hau jirgin fasinja daga Westminster, ka ɗora katin banki a kan na'ura ka wuce, ba wani cike-cike. Abin da ya fara ɗaukar hankalina shi ne katangun bakin kogin: daga saman ruwa har can sama gansakuka ce kore shar, jiƙaƙƙiya. Kogin Tems a Landan numfashin teku yake bi. Sau biyu a yini yake cika ya janye, kuma tsakanin cikar da janyewar akan sami tazarar da ta kai mita 7. Na sha zana wa ɗalibai yadda wata ke jan ruwan teku, amma ban taɓa tsayawa kan ruwan da ake jan ba sai ranar. A 1957 masana sun ce wannan sashe na kogin ya mutu, ƙazanta ta cinye iskar da ke cikin ruwan har kifi ba ya iya zama. Da aka gyara magudanan bahaya aka hana masana'antu zuba dagwalo, sai rai ya dawo. Yanzu akwai nau'in kifi sama da ɗari a cikinsa. Cikinsu har da wani mai siffar maciji wanda ake ƙyanƙyashe shi a Tekun Sargasso, can yammacin Atilantika, igiyar ruwa ta kawo shi Turai yana ɗan mitsitsi, ya yi shekaru a kogi, sannan ya koma inda aka haife shi ya yi ƙwai ya mutu.

Da muka wuce ƙarƙashin gadar Tower, ta nuna mini dogayen benaye na bankuna a hannun hagu. A wurin ne tashar jiragen sukari take, wadda aka buɗe a 1802 don kayan da ke zuwa daga gonakin bayi na Karibiyan. A hannun dama kuma akwai tashar Greenland, inda a da ake narka kitsen manyan dabbobin teku a fitar da mai. Tun ba mu isa ba, labarin ya fara.

Tun daga kan ruwa ake hango jigajigan Cutty Sark sun zarce rufin gidaje. An saka shi a ruwa ranar 22 ga Nuwamba 1869 a Dumbarton ta Sikotilan, don aiki guda: ya ɗauko sabon ganyen shayi daga Sin ya riga sauran jirage isowa Landan, domin wanda ya fara sauke shayin bana shi ke cin kasuwa. Tsawonsa kusan mita 65, ƙashinsa ƙarfe, jikinsa katako, ba inji ko ɗaya, iska kaɗai. Rashin sa'arsa ita ce kwana biyar kafin a saka shi a ruwa aka buɗe mashigin Suwez. Jirage masu tururi suka samu gajeriyar hanya da ta rage musu dubban kilomita, shi kuwa dole ya ci gaba da zagaya kudancin Afirka, don iskar Bahar Maliya ba ta yi wa mai filafilai daɗi. Sau takwas kawai ya yi dakon shayi, na ƙarshe a 1877. Sunan da ya yi daga baya a dakon ulu daga Ostiraliya ya yi shi, ƙarƙashin kyaftin Richard Woodget, wanda yakan gangara can kudu inda iska ta fi ƙarfi, har cikin duwatsun ƙanƙara, ya iso Ingila daga Sidni cikin kwana 73.

Ta cikin jirgin ake shiga, wurin da ake loda kaya. Duhu-duhu ne, ga haƙarƙarin ƙarfe a jere hagu da dama, ga akwatunan shayi. A tafiya guda yakan ɗauko ganyen da ya kai kilo dubu ɗari shida. Daga nan a hau bene na tsakiya, sannan a fito sarari. A nan na daɗe. Ɗakin kyaftin an yi masa ado da katako mai sheƙi, amma makwancin matuƙa wasu 'yan akwatuna ne a jikin bango, ɗaya bisa ɗaya, mutum mai tsawo ba zai miƙe ƙafa ba. Mutum ashirin da 'yan kai ne ke sarrafa wannan ƙaton abu, cikinsu har da yara masu koyon aiki 'yan shekara goma sha huɗu zuwa sama. Awa huɗu aiki, awa huɗu hutu, dare da rana, in hadari ya taso kuma babu mai hutu. Na ɗaga kai na dubi babban jigon, sama da mita 45, na tuna cewa yaro sa'an 'yan ajina ne ke hawa can cikin dare, da ruwan sama da sanyi, jirgi na tangaɗi, ya naɗe filafili da hannu. Wurin tuƙin ma a fili yake a bayan jirgi, ba rumfa. Abincinsu nama mai gishiri da busasshen biskit da miyar wake. Wannan irin ci ne ya daɗe yana kashe matuƙa kafin zamanin wannan jirgi, da ciwon da ke ruɓar da dasashi ya buɗe tsofaffin raunuka. Ayarin jiragen yaƙin Ingila ƙarƙashin Anson da ya tashi a 1740 da mutum kusan 1,900 ya rasa wajen 1,400, yawanci ba a yaƙi ba. A 1747 likita James Lind ya gwada magunguna iri-iri a kan majinyata goma sha biyu, waɗanda ya ba lemo suka warke, amma sai a 1795 rundunar ruwan Ingila ta fara raba ruwan lemon tsami ga kowa. Kusan shekara hamsin ana mutuwa alhali maganin na hannu.

Ƙarshen zagayen shi ne a sauka ƙarƙashin jirgin. Bayan gobarar da ta kama shi a 2007 ana tsakiyar gyara, an ɗaga shi sama da mita 3 a kan ginshiƙai, aka sake buɗe shi a 2012, don haka mutum na tafiya ne cikin jirgi na bisa kansa, yana iya kai hannu ya taɓa. Duk cikin an lulluɓe shi da faranti masu ruwan zinariya, gaurayen jan ƙarfe da tutiya. Na zaci ado ne. Ashe yaƙi ne da halittun ruwa. Akwai wata aba a teku mai kama da tsutsa, ko da yake dangin ƙumba ce, wadda ke shiga katako tana ƙarama ta yi ta huda shi daga ciki, yadda gara ke cinye azara waje lafiya lau ciki fanko. Ga kuma ciyawar ruwa da ƙananan halittu masu ɓawo da ke manne wa jirgi su rage masa gudu. Jan ƙarfe guba ne a gare su. Rundunar ruwan Ingila ta fara gwada wannan dabara a 1761, kuma jirgin da duk darajarsa gudu ce ba zai yi wasa da ita ba.

Saura minti goma ƙarfe ɗaya ta ja ni muka fita filin ciyawa da ke bayan babban gidan, ta ce in dubi rufin ginin da ke kan tudu. Akwai jan ƙwallo a jikin sanda. Saura minti biyar ya hau rabi, saura minti biyu ya kai ƙoli, ƙarfe ɗaya daidai ya faɗo. Tun 1833 ake yin haka kullum, don jiragen da ke kogi su saita agogunansu kafin su fita teku. A kan ciyawar muka yi azahar. Alƙibla a Landan kudu maso gabas take, sai da na duba waya sau biyu kafin zuciyata ta yarda. Muka ci guzurinmu muka shiga.

A ƙofar gidan ta wajen lambu akwai wata ƙatuwar kwalba a kwance, tsawonta ya kusa mita 5, da jirgin yaƙi a cikinta. Kwaikwayon Victory ne, jirgin Nelson, shahararren kwamandan rundunar ruwan Ingila, amma filafilansa na atamfa ne. Aikin Yinka Shonibare ne, wanda aka haifa a Landan ya girma a Legas. 'Yata ta yi dariya ta ce, "Baffa, wannan ai zanin Inna ne." Gaskiyarta. Atamfar da muke saya a Kantin Kwari muna cewa tamu, asalin zanenta na Indonesiya ne, masaƙun Holan da Manchester suka kwaikwaya, jiragen ruwa suka kawo mana. A ciki kuma ga rigar Nelson ɗin kansa, wadda yake sanye da ita ranar 21 ga Oktoba 1805 a yaƙin Trafalgar, da hudar harsashi a kafaɗar hagu. A nan Turawa suka fi cincirindo. Na duba, na ga mutumin ashe ɗan ƙaramin jiki ne, na wuce.

Ɗakin Tekun Atilantika ne ya riƙe ni. A nan ake bayanin cinikin bayi, kuma ba su ɓoye hannun ƙasarsu a ciki ba. Mutum wajen miliyan 12.5 aka loda daga gaɓar Afirka cikin ƙarni uku da wani abu, kimanin miliyan 10.7 suka sauka da rai. Jiragen Birtaniya kaɗai sun kwashi sama da miliyan 3. Ga mari na ƙarfe, ga lissafin 'yan kasuwa da aka rubuta da kyakkyawan hannu. Wanda ya san zanen jirgin Brookes na 1788, inda aka jera mutum 454 a kwance kafaɗa da kafaɗa, ya sani cewa wannan adadin shi ne wanda doka ta rage zuwa gare shi. Kafin nan jirgin ya taɓa ɗaukar 609. Ni da na fito daga cikin Cutty Sark ban daɗe ba, na san faɗin cikin jirgi da ƙafata, sai lissafin ya daina zama lamba. A 1781 matuƙan jirgin Zong suka jefa mutum sama da 130 a teku da ransu don masu jirgin su karɓi kuɗin inshora. Birtaniya ta hana cinikin a 1807, ta yi dokar 'yanta bayi a 1833, ta kuma biya diyyar fam miliyan 20. Iyayengijin aka biya, ba bayin ba.

Muna karanta jerin kayan da jiragen ke kawowa su musanya da mutane, bindiga da tufafi da sandunan ƙarfe da giya da wuri, sai 'yata ta tambaye ni, "Wurin da ake ɗaura wa yara a wuya?" Shi fa. Wuri ɓawon wata 'yar dabbar teku ce dangin dodon koɗi, kuma mafi yawan wanda kakanninmu suka yi ciniki da shi daga tsibiran Maldives yake, a Tekun Indiya. Mutanen can sukan jefa ganyen kwakwa a ruwa marar zurfi, dabbobin su manne, a janyo su a shanya a rairayi har naman ya ruɓe, a wanke ɓawon. Ibn Battuta, wanda ya yi alƙalanci a tsibiran, ya ga ana sayar da 400,000 a kan dinari ɗaya, daga baya ya tarar da shi a Mali ana ba da 1,150 a dinari. Turawan Holan da Ingila suka gane wannan riba. Sukan zuba shi a gindin jirgi ya zama nauyin da ke daidaita shi, a kai Amsterdam da Landan a yi gwanjo, a sake lodawa zuwa gaɓar Afirka ta Yamma. Tarihin Kano ya ce a zamanin Sarki Sharefa, farkon ƙarni na 18, wuri ya shigo ƙasar Hausa. Da matafiyin Jamus Barth ya zo Kano a 1851, wuri 2,500 ake canza dala ɗaya. Ke nan sadakin kakannin kakanninmu, da kuɗin gishiri da na goro a Kurmi, wata halitta ce da aka tsamo daga teku mai nisan dubban kilomita, ta zagayo ta Turai a gindin jirgi. Garin da bai taɓa ganin teku ba, teku ce ke buga masa kuɗi.

Kuma ba kuɗin kaɗai ya bi ta ruwa ba. Yaƙe-yaƙen farkon ƙarni na 19 sun jefa Hausawa da yawa cikin bauta, aka gangara da su ta Nufe da ƙasar Yarabawa zuwa Legas da Wida, jiragen Fotugal da Burazil suka kai su yankin Bahia na Burazil. A 1807 aka tona shirin tawayen Hausawa a Salvador, babban birnin Bahia. Suka sake tashi a 1809, suka kuma tashi a 1814 suka ƙone wuraren kamun kifi da ake bautar da su a ciki. A Janairun 1835, cikin goman ƙarshe na Ramadan, Musulmin birnin suka yi babban tawaye, yawancinsu Yarabawa amma da Hausawa a ciki, kuma an sami layu da takardu da rubutun Larabci a jikin waɗanda aka kashe. Waɗannan mutane sun yi karatun allo irin wanda na yi. Wanda ya kama su ya sayar tun farko kuwa ba Bature ba ne, kuma bai kamata mu riƙa tsallake wannan ba in muna ba yara labari. Na zauna a benci na ɗan lokaci kafin in iya ci gaba. 'Yata ba ta ce komai ba, ta miƙo mini ruwa.

Ɗakin Tekun Fasifik ya ɗan sassauta mini. Akwai kwalekwale mai ciki biyu irin na mutanen Fiji, da labarin Tupaia, masanin hanyar teku daga tsibirin Ra'iatea wanda ya shiga jirgin Kyaftin Cook a 1769 ya zana masa taswirar tsibirai masu yawa daga abin da ke kansa. Mutanensa sun ratsa teku mafi girma a duniya suna karanta taurari da tashin igiyar ruwa da tsuntsaye, tun Turawa ba su san da ita ba. Ina tsaye gaban kwalekwalen na tuna namu na Dufuna, wanda wani makiyayi ya ci karo da shi a 1987 yana haƙa rijiya kusa da kogin Komadugu Gana a Yobe. Tsawonsa ya haura mita 8, shekarunsa wajen 8,000, babu wanda ya girme shi a Afirka, kuma 'yan kaɗan ne suka girme shi a duniya. Yana Damaturu. Da yawa daga cikin ɗalibanmu ba su taɓa jin labarinsa ba, mu malamai ne ya kamata mu gyara wannan.

A ɗakin ƙasashen ƙanƙara akwai cokula da tarkacen ayarin Franklin, mutum 129 da suka shiga arewacin Kanada a 1845 da jirage biyu, ba wanda ya dawo. Mutanen Inuit, 'yan asalin yankin, sun faɗi abin da suka gani tun a shekarun 1850, aka ƙi yarda da su. Da aka gano jiragen a 2014 da 2016, a yankunan da labarinsu ya nuna aka same su. A nan ne kuma ake taɓo farautar wel, ƙaton dabbar da muke kira kifi alhali ba kifi ba ce: iska take shaƙa, haihuwa take yi, tana shayar da ɗanta nono, kamar ayu na Binuwai. Da man kitsenta aka kunna fitilun Landan kafin zuwan gas da kananzir. Shuɗiyar cikinsu takan kai mita 30, babu dabbar da ta kai ta girma, abincinta kuwa wasu 'yan jatan lande ne da ba su fi ɗan yatsa ba. A ƙarni na 20 an kashe sama da 300,000 a tekun kudu kaɗai, sai da suka kusa ƙarewa aka hana farautarsu a 1966, aka kuma dakatar da farautar wel don kasuwanci gaba ɗaya daga 1986. Sai dai in faɗi gaskiya, halittun ruwa a wannan gida ta gefen idon matuƙi ake ganinsu: abin da ya huda jirgi, abin da aka farauta, abin da aka sayar. Mai son ganin ƙashin shuɗiyar wel sai ya je gidan tarihin halittu da ke South Kensington, inda aka rataye guda mai mita 25 a zaure.

La'asar ta gabato muka hau tudun. Hawan gajere ne amma yana da tsayi, mai ciwon gwiwa ya bi ta hanyar da ta zagaya. A jikin katangar ƙofa akwai agogo mai awa 24 da aka kafa a 1852. Na duba nawa, wanda ban taɓa ba tun daga gida, na ga ya yi gaba da awa guda. Wannan shi ne agogon GMT da muka tashi muna ji a rediyo kafin a ce "agogon Najeriya da Nijar". A watannin zafinsu Ingila kan tura agogonta gaba da awa ɗaya, sai lokacin Landan ya yi daidai da na Kano, amma wannan na bakin ƙofa ba ya motsawa daga inda yake.

Sarki Charles na Biyu ya gina gidan a 1675 don matsala guda. Matuƙi a tsakiyar teku yana iya sanin nisansa arewa ko kudu in ya auna tsayin rana da tsakar rana ko na tauraron arewa. Matuƙan Larabawa sun daɗe suna yi da ɗan allo da igiya. Amma gabas da yamma ba su da alama a sama, domin duniya na juyawa. Tana juya digiri 15 a kowace awa, digiri ɗaya a minti huɗu. Shi ya sa mutumin Maiduguri ke shan ruwa kusan rabin awa kafin na Sakkwato: digiri takwas ne tsakaninsu. To in matuƙi ya ga rana ta tsaya tsaka a inda yake, kuma yana da agogon da ke riƙe da lokacin gida daidai, bambancin biyun zai gaya masa inda yake. Maganar ke nan, mai sauƙi. Agogon ne babu. Na wancan zamani da abin lilo suke aiki, tangaɗin jirgi ya rikita su, zafi ya miƙar da ƙarfe sanyi ya tsuke shi, mai ya daskare. A 1707 jiragen yaƙi huɗu suka daki duwatsun tsibiran Scilly cikin dare, mutum sama da 1,400 suka halaka a bakin gida. A 1714 majalisa ta sa ladan fam 20,000 ga wanda zai iya gano wuri ba tare da kuskuren da ya wuce rabin digiri ba a tafiya zuwa Karibiyan. Rabin digiri minti biyu ne. A tafiyar mako shida, agogo ba shi da damar ɓata fiye da daƙiƙa uku a yini.

Wanda ya warware ta kafinta ne, John Harrison, ɗan ƙauye da bai yi jami'a ba, wanda agogunansa na farko da katako ya yi su. Ayyukansa huɗu suna ɗaki ɗaya a cikin gilashi. Na farkon, wanda ya gama a 1735, nauyinsa ya haura kilo 30, yawancinsa tagulla, da sanduna biyu masu ƙwallo a kai suna lilo suna fuskantar juna, yadda duk abin da tangaɗi ya yi wa ɗaya, ɗayar za ta rama. Yana aiki har yanzu. Na tsaya ina kallonsa yana motsi a hankali har 'yata ta zagaya ɗakin ta dawo. Na ukun ya ci masa shekara 19, a cikinsa ne ya haɗa ƙarfe iri biyu a manne don su gyara wa juna miƙewar zafi, dabarar da ke cikin dutsen guga da butar lantarki har yau. Duk da haka bai gamsu ba. Sai ya bar manyan injuna ya koma ƙarami. Na huɗun, na 1759, faɗinsa santimita 13 ne, ana riƙe shi a tafin hannu. Ɗansa William ya kai shi Jamaika a 1761, bayan kwana 81 a teku, da aka cire ɗan bambancin da aka san yana yi kullum, daƙiƙa biyar kacal ya ɓata. Hukumar ladan ta yi ta ja masa rai, ta ce a sake gwaji, ta ce ya miƙa sirrin aikin, ta ba shi rabi. Sai da Sarki George na Uku ya sa baki majalisa ta ƙara masa fam 8,750 a 1773, yana da shekara tamanin. Bayan shekara uku ya rasu. Wannan ƙaramin a tsaye yake, ba a kunna shi, don yana buƙatar mai kuma aiki zai cinye shi.

Masu duban taurarin gidan su ma ba zaune suke ba. Nevil Maskelyne ya fara fitar da kundin lissafin wata da taurari a 1767, wanda matuƙin da ba shi da kuɗin agogo zai yi aiki da shi, kuma duk lissafin daga Greenwich aka auna shi. Haka taswirori suka yi ta ɗaukar wannan tudu a matsayin mafari. Da ƙasashe 25 suka taru a Washington a 1884 don zaɓen layin sifili da za a riƙa auna gabas da yamma daga gare shi, kusan kashi uku cikin huɗu na dakon teku da irin waɗannan taswirori yake tafiya. Ƙasa 22 suka zaɓi Greenwich, ɗaya ta ƙi, Faransa da Burazil suka ƙi jefa ƙuri'a.

Layin yana tsakar gida, ƙarfe ne a cikin daɓe, da sunayen birane a gefensa. Akwai layin mutane masu jiran ɗaukar hoto, ƙafa ɗaya gabas ɗaya yamma, muka bi muka ɗauka. Daga nan in ka miƙe kudu za ka ratsa Faransa da Sifaniya da Aljeriya da Mali da Burkina Faso, ka taɓa Togo, ka faɗa teku a Tema ta Ghana. 'Yata ta ɗora wayarta a kan ƙarfen ta ce, "Baffa, duba, ba ta nuna sifili ba." Ba laifin wayar ba ne. Madubin hangen da shugaban gidan, George Airy, ya kafa a 1851, wanda layin ya fito daga gare shi, da kaskon zaiba aka daidaita shi, zaiba kuwa tana bin jan ƙasa na wurin da take, wanda ya ɗan karkata saboda nauyin duwatsun da ke ƙarƙashi ba ɗaya ba ne ko'ina. Tauraron ɗan Adam kuma daga tsakiyar duniya yake aunawa. Bambancin ya kai mita 102. Muka fita daga harabar muka bi ta cikin lambun muna fuskantar gabas, tana riƙe da wayar muna kallon lambobin na raguwa, har suka koma sifili a kan wata hanyar ƙafa da mutane ke wucewa da karnukansu. Daga can muka gangara tashar jirgin ƙasa, don ana shirin rufe ƙofofi kuma la'asar na jiranmu.